Rarrafen Mota

Ranar da na fara taɓa mota mai giyar atomatik ita ce ranar da na fasa randar Inna. Ni da tsohuwar Fijo 504 ta kawuna na koyi tuƙi, kuma kowa ya san halinta: in ba ka sa giya ka saki kuloci ba, tana nan inda ka bar ta. To, rannan sai yayana ya miƙo mini makulli ya ce in shigar masa da tasa gida. Na sa giya, na ɗaga ƙafa daga birki don in gyara zama, sai kawai na ji mota ta kama hanya ita kaɗai. Kafin in farga ta ture randar da ke bakin ƙofa. Ba randar ce ta tayar mini da hankali ba. 'Yar yayana, mai shekara biyu, tana zaune taku uku a bayanta.

Wannan tafiya ta sanɗa ita na ke kira rarrafe. Asalinta ba da gangan aka yi ta ba. A irin waɗannan motoci akwai wata tukunya cike da mai tsakanin inji da giya, da fanka biyu a ciki suna fuskantar juna. Muddin inji yana kunne, ta farko tana watsa wa ta biyu mai, ita kuwa tana ɗan tura ƙafafu. Shi ke nan dalilin.

Motar lantarki fa ba ta da wannan larura, domin in ta tsaya injinta ma tsayawa yake yi cik. Amma abin mamaki, sai masu ƙera ta suka koya mata rarrafen da hannunsu, saboda direbobi sun saba. Kamfanin Tesla ya ƙara wa Model S wannan zaɓi a 2012. Daga baya iska ta juya: Nissan ta fito da Leaf mai e-Pedal a 2017, wato da ka ɗaga ƙafa daga totur sai mota ta rage gudu, tana mayar da wuta cikin batir, har ta tsaya ta kafe.

Da na ji haka sai na ce madalla, an rama wa randar Inna. Don me za a koya wa lafiyayye ɗingishi? Balle ma motar da ba ta da ƙara, wadda sai da Tarayyar Turai ta tilasta, tun daga 2019, a sa wa sababbin samfuranta wani sauti in suna tafiya ƙasa da kilomita 20 a awa.

Wani abokina mai karatun injiniya shi ya rushe mini wannan murna. Ya ce, "Malam, ranar da ka fasa randa, me ka taka da ka firgita?" Na ce birki mana. Ya ce, "Saboda ƙafarka tana kansa. Da a ce motar ba ta rarrafe, da totur za ka lallaɓa ta ka shiga ƙofar, kuma mai firgita abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa yake dannawa." Wallahi sai jikina ya yi sanyi. Ban taɓa duban abin ta nan ba, alhali kuwa motar lantarki tana zabura nan take, ba ta jiran inji ya ɗau zafi. Ga alama hukumomin ƙasar Sin ma suna da irin wannan tsoro, don a 2025 sun fitar da ƙa'idar da ta ce daga 2027 kada mota ta zo daga kamfani a saite yadda sakin totur kaɗai zai tsayar da ita.

Duk da haka ban sallama gaba ɗaya ba. A cikin gosulo, ko a kan gangara, motar da ke tsayawa ta kafe ta fi hutar da ƙafa, kuma ba ta motsi sai an ce mata. Abin da na ƙi shi ne mutum ya shiga mota bai san wace iri ce ba, kamar yadda aka yi mini.

Kwanan baya yayan nawa ya ari wata ta lantarki, ya sake miƙo mini makulli yana dariya, ya ce, "To direba, a sa mata rarrafe ko a cire?" Na ce, "Yaya, a bar shi." Sannan na fita na zagaya gabanta da bayanta, na kori yara zuwa cikin zaure, na dawo na zauna.