Dala da La'asar, Tsakiyar Damina

Da ba don ɗan ƙanwata ba, da har yau ban hau Dutsen Dala ba. Yaron ya zo mana dogon hutu daga Gusau, kwana uku yana kwance yana latsa waya, ran na huɗu ya ce, "Kawu, wai ina dutsen nan da aka koya mana a makaranta?" Na ce ga shi can, kullum ta gefensa nake wucewa. Ya ce, "Ka taɓa hawa?" Sai na kama duba agogo.

Ranar Asabar muka tari adaidaita sahu ni da shi da 'ya'yana biyu. An yi ruwa da asuba, lungunan da ke kai mutum gindin dutsen duk caɓi, muna tafe muna tsallake kwata. Gidaje sun matso sun rungume Dala ta ko'ina, har sai ka zo gab da shi kafin ka ga matattakalar siminti ta miƙe sama. An ce guda 101 ce. Yaran suka ce sai sun tabbatar. Babban ya samu 99, ƙaramar ta samu 104, ni kuwa tun a ta arba'in na daina ƙirge, na koma neman numfashi.

Dutsen ja ne, irin marmarar nan mai tama, in ka murza da yatsa sai ya bar maka shaida kamar lalle. Wannan tamar ce ta zaunar da maƙeran farko a nan, tun wajen ƙarni na 7. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Barbushe, daga zuriyar wani mutum mai suna Dala, mai kula da tsafin Tsumburbura, wanda ya gaya wa mutanensa cewa wani baƙo na tafe da zai mulke su. Aka ce a 999 Bagauda ya zo. Ina cikin zuba wannan bayani, ƙaramar ta ja rigata: "Baba, to ina gidan Barbushen?" Na waiga. Abin da ke saman sai tsohuwar ma'ajiyar ruwa, ciyawar damina, awaki biyu da ledojin ruwan sha da iska ta tara a kwana.

Amma fa da ka juya ka fuskanci gari, sai ka yafe wa gwiwoyinka. Tsayin wurin ya kai mita 534 daga doron teku, Kano kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, babu abin da ke tare ido. Rufin kwano mai tsatsa ya tafi har inda gani ya ƙare. Ga Goron Dutse can yana kallonmu, ga hasumiyoyin babban masallacin Juma'a kusa da Gidan Rumfa, ga cunkoson Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a zamaninsa, 1463 zuwa 1499. Wani yaro a soron gidansu ya saki tantabaru, suka yi kewaye a ƙasanmu. Ban taɓa ganin bayan tantabara tana cikin tashi ba sai ranar.

Sai aka kira la'asar. A ƙasa, ladanin unguwarku kaɗai kake ji. A nan kuwa wani ya fara daga Gwammaja, wani ya karɓa daga cikin gari, kafin ka ankara sun zama ɗaruruwa, wannan na shiga cikin wancan. Yaron nan mai waya ya ɗaga ta zai ɗauka, sai ya fasa, ya mayar aljihu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zaizaya. Gefen dutsen ya tsattsage, kowace damina ruwa na gutsurar rabonsa ya gangara da shi kan gidajen mutane. Ga shara, ga wani lungu da hanci ke gaya maka abin da ake yi a cikinsa. Wurin da aka haifi birni guda bai cancanci haka ba, kuma wani ɓangare na laifin namu ne, mu da muke kashe kuɗin mota mu kai yara nesa, na ƙofar gida ko leƙe.

Hadari ya haɗo daga gabas, muka sauko da sauri, ƙaramar na kan wuyana. In za ka je, ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka riƙe ruwan sha, ledarka kuma ka sauko da ita.