Injinan da Suka Tsufa a Akwati

Mu 'yan UPE ne, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. A watan Satumban 1976 aka kwaso mu daga gidaje, wasunmu ba su daɗe da ajiye allo ba. Duk yaron da ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa, an ɗauke shi. Masu tsara ilimi sun yi hasashen yara kimanin miliyan 2.3 ne za su zo a faɗin Najeriya, sai ga kusan miliyan 3. Ajinmu na farko gindin darbejiya ne.

Muna gama firamare a 1982, sai tsarin 6-3-3-4 ya tare mu: shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Asalinsa taron manhaja da aka yi a Legas a 1969, da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977. Niyyar mai kyau ce: yaro ya bar ƙaramar sakandare da sana'a a hannu, ba sai ya zauna jiran aikin gwamnati ba. Aka shigo da injinan koyon fasaha daga ƙasashen waje. Namu sun iso cikin akwatunan katako, aka jibge su a bayan ofis. Ba lantarki, ba malamin da ya san kansu. Gara ta ci katakon, tsatsa ta kama ƙarfen.

Shugaban makarantarmu bai naɗe hannu ba. Ya tafi wajen Sarkin Maƙera da wani kafinta a bakin kasuwa, ya durƙusa ya ce, "Baba, a taimaka mana da yaran nan." Ranar Alhamis bayan la'asar sai mu rabu biyu: wasu na jan zugazugi, wasu na koyon riƙe zarto ba tare da ya karkace ba. Yau a cikin 'yan ajinmu akwai masu walda da kafintoci da suka aurar da 'ya'ya da wannan sana'ar.

Masu bincike sun sha zuwa da takardun tambayoyi. Suna ƙirga kujeru da ɗalibai da injina, su tafi. A takardunsu makarantarmu na da kayan aiki, kuma babu gurbin rubuta sunan maƙeri. Shi ya sa duk binciken ilimin da aka kawo mini yanzu, tambayata ɗaya ce: bayan shekara goma, da me waɗannan yaran suke ci da kansu, kuma wa ya koya musu?