Iya ta kira ni ranar Talata, ban ɗauka ba

1/
Yau shekara ɗaya cif da rasuwar kakata, Iya. Na daɗe ina son in yi rubutu a kanta, sai in fara in goge. Yau dai zan daure. Ku yi haƙuri, zaren yana da ɗan tsawo.

2/
Mahaifiyar babana ce. Ina shekara 4 Ummata ta rasu, aka ɗauko ni daga Kano aka kawo mata ni Malumfashi. Don haka idan na ce kaka, a wajena uwa ce. Ita ta yi min kitso, ita ta kai ni allo, ita ta zane ni ranar da na saci naman miya.

3/
Ba ta san shekarunta ba. In ka tambaye ta sai ta ce, "Shekarar da aka kashe Sardauna aka kai ni ɗaki." Wato 1966. Da na ƙiyasta mata saba'in da ɗoriya, cewa ta yi, "Ke dai kishiya ba ki da aiki sai ƙirga min shekaru."

4/
Eh, kishiya take ce min. Wasan kaka da jika. Yayyena maza kuma duk mazajenta ne, kullum tana bin su kuɗin cefane. Amma sunan babana ko da wasa ba ta faɗa, ɗan fari ne. Sai dai "wancan" ko "uban yaran nan".

5/
Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wanda bai taɓa gani ba ya ɗauka abin wasa ne. A soya gyaɗa, a murje, a bushe ɓawon, a kai inji. A dawo a zuba a turmi ana tuƙawa ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. A kwashe mai, a matse tunkuza, a mulmula, a soya a cikin man nata.

6/
Tun bayan asuba take farawa, sai la'asar. Bayan hannunta duk tabon ƙuna. Ina ƙarama kunya nake ji, saboda kayan makarantata ƙamshin gyaɗa suke yi, yara suna ce min 'yar mai ƙuli. Har na taɓa ce mata ta daina. Ba ta ce komai ba, ta ci gaba da mulmulawa. Allah Ya yafe min.

7/
Da na samu gurbi a jami'a, Baba ya ce ba hali a bana, a bari sai baɗi. Wasu a dangi suka ce ai ga manema, a yi mata aure kawai. Iya ba ta yi musu da kowa ba. Ta shiga ɗaki ta buɗe kwallarta ta fito da ƙullin tsumma. Kwasar adashinta ce. Ta ce, "A je a biya."

8/
Matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa. Kullum tambayarta ɗaya, "To yaushe za a gama bokon nan?"

9/
A 2022 ASUU ta tafi yajin aiki, daga Fabrairu har Oktoba, wata 8. Wallahi na yi ƙorafi a nan kamar me. Yanzu da na waiwaya, watannin nan su ne mafi tsawon zaman da na yi da ita bayan na girma. A lokacin na koyi tuƙa tunkuza. Hannuna ya yi kanta, ta yi ta min dariya wai hannun biro ne.

10/
A nan ta ba ni labarin yara 3 da ta binne kafin su isa yaye, biyu ƙyanda ce ta tafi da su. Shi ya sa duk jaririn da aka haifa a layinmu sai ta bi uwarsa da faɗa a kai shi rigakafi. Da ina ganin shisshigi ne.

11/
Farkon 2023 aka sauya kuɗi. Iya ba ta da asusun banki, komai nata yana kwalla. Ni na bi mata layi kwana biyu. Ita ko a jikinta. Ta ce ta ga lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira a 1973, ta ga canjin 1984, wannan ma zai wuce. Da masu saye suka rasa tsabar kuɗi, bashi ta riƙa bayarwa. Ba littafi, duk a ka.

12/
Duk komawata makaranta da ledar ƙuli, galan ɗin mai da yajin da ta daka. 'Yan ɗakinmu sun san Iya ba su taɓa ganinta ba. Ƙarshen wata in abinci ya ƙare, garin rogo da ƙulinta ne ya rufa mana asiri.

13/
Ranar Talata da yamma ta kira ni. Ba ta iya neman lamba, yaron maƙwabta ke danna mata 'yar ƙaramar wayarta. Ina karatun gwaji. Na kalli wayar tana ƙara har ta katse. Na ce anjima zan kira. Na manta. Laraba ma na manta.

14/
Alhamis bayan asuba Baba ya kira. Tun daga sallamarsa na gane. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na shiga mota ina kuka, kafin in iso an kai ta. Tabarma kawai na tarar da mata cike da tsakar gida, turminta a kife a gefe.

15/
Na nemo yaron na tambaye shi me ta so faɗa min. Ya ce, "Cewa ta yi in tambaye ki ko ƙulin ya ƙare, akwai direban da zai taho wajenku ranar Juma'a." Shi ke nan fa. Ba wasiyya ba ce. Kuma wallahi da wasiyya ce da ta fi min sauƙi.

16/
Gwaggona ta ce a daren, da jikin ya tsananta, Iya ta kira Baba da sunansa. Sau ɗaya. Mutum mai shekara 56 bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba sai ranar. Har yau in aka tada maganar tashi yake ya bar wajen.

17/
Bayan sadakar bakwai aka buɗe kwalla. Akwai ƙulli biyu. Ɗaya na likkafani, wanda ba a sani ba har aka sayi wani. Ɗayan tun tuni ta faɗa wa Gwaggo na rajistar kishiya ne, kar kowa ya taɓa. Da shi na biya kuɗin ajin ƙarshe. Saura min wata 5 in gama bokon nan da take ta tambaya.

18/
Na san kira na ba zai ƙara mata ko minti ɗaya ba, kwana ya ƙare. Malamai sun faɗa min, na kuma yarda. Amma kiran yana nan a wayata da jan rubutu, na kasa gogewa.

19/
In kana da tsohuwa a gida, ka kira ta yau. Za ta tambaye ka ka ci abinci, ta maimaita labarin da ka ji sau goma. Ka saurara.

Allah Ya jiƙan Iya da Ummata, Ya haskaka kabarinsu, Ya sa Aljanna ce makoma, da duk namu da suka riga mu. Wanda ya karanta har nan, don Allah ya sa ta a addu'a.