Ƴan lise da iccen 3 ga Agusta

Ya kai mai karatu, ka san ranar 3 ga watan Agusta. Tun shekarar 1975, zamanin Seyni Kunce, aka mai da ita ranar dashen icce a Nijar. Manya su zo cikin manyan riguna, a gina rame, a sa ɗan icce, a zuba mishi ruwa buta guda, a yi tafi, kowa ya kama gabanshi. To, ina tambayarka: ranar 3 ga Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, wa ke zuwa duba iccen nan?

Ni dai waɗanda na gani da idona suna zuwa, ƴan lakkol ne, na kwaleji da na lise. Zancensu nike son in yi maka.

Abin ba yau ya soma ba. Bayan babban fari na 1973 da 1974 an yi aikin da ake ce ma Sahel Vert, inda ɗalibai suka riƙa fita dashen itatuwa lokacin babban hutu. Waɗancan yaran yau sun yi furfura. Matsalar da suka tarar kuwa tana nan yadda take. Ana dashe cikin damana, lakkol na rufe. Ba a koma aji sai Oktoba, ruwa ya ɗauke. Daga nan har Yuni ɗan iccen ba ya ganin ɗigo ko ɗaya daga sama. Wata 8 ke nan, ga iskar hunturu, ga bisashe.

A lisen unguwarmu, wanda ba ya da katanga, na ga yadda yara suka ɓullo ma abin. Ba mushe ya tara su ba, su suka tara kansu. Suka zaɓi shugaba da ma'aji, suka ba kowane aji layinshi na dogon yaro, kowane icce da mai shi. Suka tsinto fasassun bulo suka kewaye wasu, wasu kuma suka yi musu shinge da ƙayar magarya. Kada ka ce dogon yaro ɗaci gare shi. A rani akuya ba ta san ɗaci ba. Ran da famfo ya ƙi, sai su haɗa dala-dala daga kuɗin fanke su kira mai ga-ruwa. Suna da wani littafi da suke rubuta kowane icce a ciki: wanda ya rayu, wanda ya bushe, da abin da ya kashe shi. Littafin nan ya fi burge ni bisa komi, don manya sun saba ƙidaya abin da aka dasa su tsaya nan.

Akwai abin da bai gamshe ni ba, kuma sai na faɗe shi. Bidon ruwa, a kan ƴan mata ka fi ganinshi. Ran da baƙi suka zo kuwa, samari ke gaba suna jawabi. Yarinyar da ta ɗauko ruwa a gida da asuba, ta zo ta sake ɗaukar na icce, ta cancanci ta riƙe littafin nan ita ma. Na biyu, lokacin da icce ya fi son ruwa shi ne lokacin da ƴan ajin ƙarshe ke fama da karatun birbe da bak. In ba su miƙa aikin ga ƙannensu tun da wuri ba, ƙungiya ta watse ranar da suka karɓi takarda.

Amma babban aikin yaran nan ba a filin lakkol yake ba, a gonar ubansu yake.

Kai manomi ka san sassabe. Da can mai gona nagari shi ne wanda ya share ta ƙal, ya tara, ya cinna wuta. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai, kowace shekara suna tofo, ana saranwa. Sai aka soma gwada barin tofon: a zaɓi rassa kaɗan mafi ƙarfi bisa kututture, a sare sauran, a riƙa gyara musu. Shi ne sassabin zamani. Fari na 1984 ya sa mutane suka saurara, a shekarar nan kuma aka yi babban taron Maraɗi bisa yaƙi da hamada. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 sun komo bisa hekta wajen miliyan 5, galibi a ƙasar Maraɗi da Damagaram. Ba wanda ya dasa su, ba wanda ya ɗauki bido ya ba su ruwa. Sabara ce da kalgo da gawo, ƴan ƙasa, masu saiwar da ta riga ta san inda ruwa yake.

Hutun da ke raba ɗan lise da iccen lakkol shi ke kai shi gona, hauya a hannu. Nan ne zai iya kauce ma ɗan gawon da ya tsiro cikin gero. Ya kuma san dalili: gawo na zubar da ganye da damana, ba ya yi ma hatsi inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ƴaƴanshi su ciyar da tumaki.

Sai dai yaro bai iya tsayawa gaban mahaifinshi ya karanta mishi darasi, ka sani, na sani. Tsoho na da hujjarshi. Ya yi zamanin da icce na gwamnati ne, in ka sare reshe a gonarka ma'aikatan gandun daji su ci ka tara. Don haka gara kada ya girma. Yana kuma tsoron tsuntsaye. Wani yaro ya gaya mini dabararshi. Bai yi gardama ba, cewa ya yi: "Baba, a bar mini wannan sabarar guda, in gani." Tsohon ya yi dariya ya ce, "Ɗan lakkol da iyayi." Amma bai sare ta ba. Da ta yi rassa, uwar yaron ce ta fara shiga maganar, don ita ke yin nisa neman iccen tuwo.

Kai da gidanka ke kusa da lakkol, ko famfo gare ka ko rijiya, ga abin da nike roƙonka. In yaran nan suka ƙwanƙwasa maka ƙofa, ka ba su bido 2 a mako, daga Maris har ruwan fari ya sauka. Ka kuma ɗaure akuyarka ran Asabar da Lahadi, don ranakun nan ba kowa a filin.