Kundin Digirgir: Abin da Kuɗin Uba Ba Sa Iya Saya

Mu 'yan kasuwa mazauna zango, idan aka zo maganar karatun 'ya'ya, abin da muka fi ganewa shi ne biyan kuɗi. A faɗi adadi, mu ƙirga sidi mu miƙa, mu ce mun sauke nauyi. To, akwai wani mataki a karatun boko da kuɗi kaɗai ba sa tsallakar da mutum, wato rubuta kundin digirin digirgir. Ni allo na yi, bokon kuwa a bakin rumfar goro na tsince shi a nan Kumasi. Amma shekara huɗu ina kallon wannan aiki ido da ido, don babbar 'yata ta yi shi, kuma ina ganin abin da na gani zai amfani wasu iyayen.

Ita shugabar wata makarantar firamare ce, tana da aure da 'ya'ya. Ta shiga wata jami'a a nan Gana don yin digirgir a fannin jagorancin makarantu. Karatun kashi biyu ne. Na farko aji ne da lacca da jarrabawa, kowa a gida ya gane wannan. Na biyu shi ne kundi. A nan babu aji, babu ƙararrawa, babu wanda zai tambaye ka me ya sa ba ka zo ba yau. Daga kai sai kwamfuta, sai malamin da ke duba aikinka, shi ma ɗalibai sun yi masa yawa. A wannan gaɓar mutane da dama ke tsayawa, alhali sun ci duk jarrabawarsu.

Nata kundin babi biyar ne: gabatar da matsala, bitar abin da masana suka riga suka rubuta, hanyar da za a bi a yi binciken, abin da aka samo, sai kammalawa da shawarwari. Tambayar da ta sa a gaba kuwa tamu ce ta zango. Tun 1987 da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Gana, makarantunmu da yawa suka koma haɗa boko da Larabci. Gwamnati ke turo malaman boko tana biyan su, amma malamin da ya kafa makarantar yana nan, jama'ar unguwa kuma shi suka sani. Shugaban makaranta yana tsakiya. Yaya yake tafiyar da aiki ba tare da ya ɓata da ɗaya ba? Wannan ta je nema a bakin masu abin.

A nan ne kasuwa ta yi mata rana. Dattawan malamai na Asawase da Aboabo ba sa buɗe ciki don an nuna musu takardar jami'a. Amma sun san ni, mun yi shekaru muna hulɗa. Ni nake kai ta, mu gaisa, mu ajiye goro. Da an zo hira sai ta ce, "Baba, ka yi haƙuri ka jira ni a waje." Ashe ƙa'idar bincike ce: abin da mutum ya faɗa amana ne, ko sunansa ba ya shiga kundi. Wallahi abin ya burge ni. Wahalar tana bayan hirar. Maganar awa ɗaya takan ci awa huɗu ko fiye kafin a rubuce ta, sannan a juya ta daga Hausa zuwa Turanci.

A shekara ta uku aiki ya tsaya cik a babi na huɗu. Ta haihu, ga makaranta da safe, ga girki da yamma, ga biki da suna da ba sa ƙarewa. Wata da watanni ba ta buɗe kundin ba. 'Yan uwa kuma sai zolaya: "Dakta, yaushe za mu ci shinkafa?" Tana dariya, amma mahaifiyarta ta ce mini yarinyar nan ta fara maganar haƙura.

Duk mai sayar da goro ya san huhu ba a ajiye shi a manta. Sai ana buɗewa, ana tsince wanda sankara ta taɓa, ana sake ganye. Kundi ma haka yake. In ka bar shi wata shida, sai ka sake karanta abin da ka rubuta da hannunka kamar na wani, masana sun fitar da sababbin rubuce-rubuce da dole ka duba, jami'a kuma tana da wa'adi, ga kuɗin rajista duk shekara.

Sai muka zauna, ni da mahaifiyarta da surukina. Babu wanda ya kawo zancen kuɗi. Mahaifiyarta ta ɗauki yara daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi. Surukina, Allah ya saka masa, ya yarda tukunyar gidanmu ta ciyar da nasa a kwanakin nan. Ni na share ɗakin da nake ajiye kaya, na sa tebur da fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta. Aiki mafi nauyi da na ɗauka shi ne ba da haƙuri. Duk bikin da ba ta je ba, ni nake zuwa in ce ni na hana ta. An yi ƙorafi, ƙanwata ma ta yi fushi na ɗan lokaci, amma babi na huɗu ya fita, na biyar ya biyo baya.

Ko da an miƙa kundi, da sauran aiki. Masu jarrabawa na cikin jami'a da na waje za su karanta, a kira ɗalibi ya kare aikinsa a gabansu, sannan su ba shi gyare-gyare. Sai ya gyara an sa hannu kafin a ce ya gama. Ta bi duk wannan ta fita. Yanzu wasu daga cikin malaman da ta yi hira da su suna aikowa a kira ta idan saɓani ya taso tsakaninsu da shugaban makaranta.

'Yan uwana na Ankara da Duwala da Kwatano, yaranmu sun fara kaiwa wannan mataki, mata da maza. Idan naka ya kai ga kundi, ka daina tambayarsa yaushe zai gama, shi ma abin na damun sa. Tambaye shi wane babi yake, da wace hidima za ka ɗauke masa a wannan makon. In mace ce mai aure, ku zauna da mijinta tun kafin aikin ya tsaya, a tsara kwanakin da za ta samu ita kaɗai da takardunta.