Mu Leƙa Yankari

'Yan uwana mata, wallahi duk wadda ba ta taka Yankari ba an bar ta a baya. Dajin yana jihar Bauchi, tun 1962 aka buɗe shi ga baƙi. Da sassafe muka shiga motar zagaya daji, sai ga garken giwaye a bakin kogin Gaji, gabana ya dinga dukan uku-uku. Da yamma muka faɗa ruwan Wikki, garai-garai, da ɗuminsa rani da damina.

Sai dai mafarauta sun rage giwayen nan, su kuma giwayen suna yi wa manoman kewaye ɓarna. In kuɗin baƙi bai isa ƙauyukan ba, wa zai tsare giwa? Ku lallaɓi Baba ya kai ku hutun nan.