Tarwada cikin randa

Ran Laraba, ranar kasuwar Kwanni, wani ɗan makaranta ya sayi ƙaramar tarwada mai rai. A madatsar ruwa ta Mozage aka kamo ta. Ya kai ta gida, ya sa ta cikin tsohuwar randa.

Cikin littafinsa akwai hoton tauraron teku, dabba mai hannu biyar da ke zaune cikin ruwan gishiri. Sai yaron ya ɗebo gishiri zai zuba wa tarwadarsa.

Yayarsa ta riƙe masa hannu:

— Kai, ƙanena, tsaya! Lita guda ta ruwan teku tana da gishiri wajen garam 35. Tauraron teku ya saba da shi. Tarwada kuwa ta ruwan daɗi ce, gishiri zai kashe ta.

Ta koya masa sauran. Ruwan famfo sai ya kwana, warin magani ya fita. Abinci kaɗan ne, tsutsa ko gara, don kada ruwa ya ɓaci.

Da dare tarwada ta yi tsalle, ta faɗo ƙasa. Ba ta mutu ba, domin tana iya shaƙar iska. Da asuba inna ta tsince ta, kyanwa na dab da ita. Tun ran nan yaron yake rufe randar da faifai, ya ɗora dutse.